Gwiwoyin Mme Mapulane

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyen Ha Mokoto ya ci tuwon Mme Mapulane, wato Inna Mapulane, in kuma mace ce, ta sha tsawarta a kai. Ita ke dafa wa yara abincin rana tun makarantar tana da rufin ciyawa. Da sassafe za ka same ta a bayan ajujuwa, bargo ɗaure a ƙugu, tana tuƙa garin masara a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, hayaƙin busasshen kashin shanu na cin idonta, tana korar duk ɗan da ya matso jin ɗumi. Tuwon nata, in za a faɗi gaskiya, rabinsa gudaji ne, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata. Ba don shi ake tuna ta ba, don ranar Alhamis ne.

Ranar Alhamis, in an wanke kwanuka, 'yan mata kan fito filin bayan coci su jera a durƙushe. Mme Mafusi, ƙawarta tun ƙuruciya, ta kafa ganga. Mapulane ta sa usur a baki, ta ɗaga izgar doki, sai rawar mokhibo ta tashi. Gwiwa a ƙasa, gadon baya a miƙe, kafaɗu na karkarwa suna amsa ganga, hannuwa na kai da komowa kamar na mai niƙa. Can sai gwiwoyin su ɗago tare, su daki ƙasa tare, layin ya ɗan matsa gaba. Ƙafa ba ta taka ko'ina. Amma wadda ta yi shi yadda ya kamata, ko ana ƙanƙara a kan duwatsu sai ta tashi rigarta sharkaf da gumi.

A gindin dutsen niƙa Mapulane ta koya, wurin kakarta, wadda kan ce macen da ta iya niƙa dawa ta iya rabin mokhibo, rabin da ya rage kuma sai duniya ta dake ta za ta iya. Duniya kuwa ba ta yi mata rowar duka ba. Mijinta ya tafi ramin zinariya a ƙetaren iyaka, ya dawo da akwatin ƙarfe da tari, tarin ya kai shi kabari. Ranar da aka cire mata baƙaƙen kayan takaba, tun kafin ta sa komai a baki ta ce a kira mata Mafusi da ganga. Matan da suka ga rawar ranar har yau in an tuna musu sai su kawar da kai. 'Yarta guda, Pulane, ba ta taɓa son abin ba. Ta ce ita ba za ta farfasa gwiwa don tafin mutanen ƙauye ba, ta gangara garin Maputsoe aikin ɗinkin wanduna a kamfani, ta bar wa uwar jika mai suna Bokang. Wannan ya ci wa Mapulane rai ƙwarai, shi ya sa ta riƙe 'ya'yan mutane da hannu biyu.

Sai gwiwoyin suka ci amanarta. Sanyin duwatsu da shekaru da daɓe mai tauri suka haɗu a kansu, suka kumbura, suka daina lanƙwashewa. Nas ɗin asibitinmu ta taɓa su ta ce man ciki ya ƙare, kuma ba a sayar da shi a ko'ina. Daga nan Mapulane ta koma koyarwa a zaune kan kifaffen bokiti. Kafaɗa da hannu tana nunawa daga zaune, amma aikin gwiwa baki ba ya koyar da shi, sai ido ya gani, jiki ya kwaikwaya. Don haka manyan 'yan mata suka zama gwiwoyinta. A shekarar da nake ba da labari, 'yan aji bakwai su ne na ƙarshe da suka taɓa ganin ta a durƙushe, kuma a ƙarshen shekara za su fita. Shugabarsu Moliehi ce, siririyar yarinya mai shiru wadda kafaɗunta suka fi bakinta magana. Mapulane ta riga ta tsara: watannin da suka rage, kowace babba za ta ɗauki ƙarama ta durƙusar da ita a gefenta, har abin ya shiga jikin ƙananan. In hakan bai yiwu ba, mokhibo ya ƙare a Ha Mokoto, kuma ta san haka.

Ana cikin wannan, da iskar watan Agusta, wata mota ta hawo mana da wata budurwa daga jami'a, Ausi Nthati, da jaka cike da 'yan na'urori kamar akwatin ashana. Hedimasta Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili, ya kira Mapulane ofis ya yi mata bayani. Daga sama an ce yaran ƙasar nan sun daina motsa jiki, ƙiba da ciwon sukari na kama su tun suna ƙanana. Kowace makaranta za ta ware awa guda a mako don motsa jiki, kuma za a auna a ga wane wasa ne ya fi motsa yara, shi za a ba awar. Awar da makarantarmu ke da ita guda ce tak, ta Alhamis. Ko rawa, ko ƙwallo.

Yaranmu, waɗanda kan tsallaka dutse biyu da rafi kafin su iso aji, su aka zo koya wa motsi. Amma wa zai gaya wa na sama?

"Ntate, ai ba wata magana," in ji Mapulane. "Su auna. Yaran nan har kuka suke yi don gajiya."

Aka ɗaura wa kowace yarinya na'ura a ƙugu. Nan take suka sa mata suna kaska. Rabin yaran aka ba su ƙwallo, rabin suka durƙusa. Mafusi ta daki ganga kamar ta ci bashinta, Moliehi ta jagoranci layi, aka yi mokhibon da ni dai na daɗe ban ga irinsa ba. Da aka tashi, yaran na haki, gwiwoyi sun yi jawur. Mapulane ta dubi Ausi Nthati tana jiran yabo, sai ta ga budurwar ta ƙura wa na'urarta ido, ta ƙi ɗagowa.

"Yaya, 'yata? Kaskar ta ƙoshi?"

"Mme, ta ce ba su motsa ba."

"Ta ce me?"

"Taku take ƙirgawa, Mme. In ƙafa ba ta taka ba, a wurinta mutum yana zaune ne."

"Zaune! Moliehi, zo nan. Taɓa rigar yarinyar nan. Wannan ruwan zama ne?"

"Na gani da idona, Mme. Zan rubuta cewa na gani. Amma waɗanda za su yanke hukunci ba za su karanta abin da idona ya gani ba, lamba za su duba."

"To ɗaura musu a kafaɗa mana! A nan aikin yake."

"Ba a yarda ba. A ƙugu ake ɗaurawa a duk makarantu, in na sauya za su zubar da namu gaba ɗaya."

Budurwar ba muguwa ba ce. Har ta ce kakarta ma ta yi mokhibo, kuma da ta faɗa muryarta ta yi rauni. Ta ce za ta dawo ta sake aunawa sau ɗaya kafin ta miƙa sakamako.

Makon nan Mapulane ba ta zauna ba. Ta je wa Ntate Ramaili har gida, ta roƙe shi kamar yadda ba ta taɓa roƙon namiji ba, har da tuna masa cewa ita ta share masa majina yana aji ɗaya. Ya ce, "Mme, ki gafarce ni, ni ma a ƙarƙashin wani nake." Ta roƙa a ba ta wata rana. Ya ce yara na tashi da wuri don su tsallaka rafi da sauran haske, ranar Asabar kuma ta san ta wanki ce da itace da ɗebo ruwa, ba uwar da za ta saki 'yarta. Ta dogara sanda ta hau wurin mai gari, ya saurare ta da kyau, ya ce zai duba, wato dai ba zai duba ba. Tuwon makon nan ya ƙone sau biyu. Tsoro ya kama ta sosai, irin tsoron wanda aka ba ajiya ya ga wuta ta kama ɗakin.

Ranar Lahadi aka yi biki a gidan wani makiyayi, maza suka sha giyar dawa suka tashi rawar mohobelo, suna zabga ƙafa a ƙasa, suna dogon taku gaba da baya har ƙura ta rufe su. Mapulane na zaune cikin mata tana kallo. Mafusi ta ga yadda take kallon ƙafafun nan, ta ajiye ƙoƙonta.

"Ke, na san idon nan. Me kike ƙullawa?"

"In taku take so, a ba ta taku."

"Ban gane ba."

"In tsayar da su. Waƙar tana nan, kafaɗa tana nan, gangarki tana nan. Ƙafa kawai za su riƙa bugawa, su je gaba su dawo."

"Mokhibo a tsaye? Mapulane, giyar ta hau miki kai ne? 'Yan mata su riƙa tafka ƙafa kamar waɗancan mashaya? Kakarki ta ji wannan sai ta juya a kabari."

"Kakata ba ta taɓa haɗuwa da kaska mai ƙirga ba. Na rana ɗaya ne, Mafusi. A auna, yarinyar jami'ar ta tafi, mu riƙe awarmu, mu koma ƙasa."

"Garin neman gira dai ake rasa ido."

"Idon ma ai tafiya zai yi in na zauna. Za ki buga ko ba za ki buga ba, tsohuwar banza?"

"Zan buga, don ke ce. Amma ba da zuciyata ba."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana uku Mapulane na tare yaran a lokacin cin abinci tana koya musu sabon abu. Ƙananan suka ɗauka nan da nan, suna tsalle suna dariya. Moliehi ce kawai ta tsaya ƙiƙam. Ita ma, kamar sauran yaran, Nkhono take ce wa Mapulane, wato kaka.

"Nkhono, ba haka kika koya mana ba. Kin ce wadda ta ɗaga gwiwa ta miƙe kafin usur ta zubar da mutuncin layi."

"Na faɗa. Yau kuma na ce ki miƙe."

Yarinyar ta miƙe, hawaye na zubo mata, ta buga ƙafa. Kuma abin haushin, ko a tsayen ta fi kowa iyawa.

Ranar Alhamis aka ɗaura kaska, ganga ta tashi, filin coci ya yi ƙura. Ausi Nthati ta tsaya baki buɗe. Ta ɗauki rawar a wayarta, don an ce ta riƙa ɗauka. Da aka gama ta duba na'urorin: masu rawa sun wuce masu ƙwallo nesa ba kusa ba. Ta matso kusa da bokitin, ta rage murya.

"Mme, ni da ke mun san wannan ba mokhibo ba ne."

"Rubuta abin da kaskarki ta gaya miki, 'yata. Ba ke kika ce lamba suke dubawa ba?"

Budurwar ta daɗe tana kallon kumburarrun gwiwoyin nan. Ta rubuta, don tausayi. Da ta san abin da tausayin zai haifar, watakila da ta yi rashin kunya ta ƙi.

Sakamako ya dawo da wuri, abin da ba a saba ba. Rawa ta ci awar Alhamis. Ntate Ramaili ya tara makaranta, ya sa aka tafa wa Mapulane. Ita kuwa tun kafin tafin ya mutu ta ce wa Moliehi, "Gobe kowa ta zo da tsumman gwiwarta." Sai hedimasta ya ja ta gefe. Ashe na sama sun ga hoton rawar, ta burge su, sun ce ga yadda ake raya al'ada a kuma gina lafiya. Za su aiko da malamar wasanni, da takalma, kuma za a riƙa zuwa aunawa ba tare da sanarwa ba. Ranar da aka zo aka tarar lamba ta faɗi, awar ta koma ƙwallo.

"Abin da aka auna shi za a ci gaba da yi, Mme."

"Ntate, na rana ɗaya ne! Dabara ce kawai!"

"Kada ki sake faɗar haka a gaban kowa. Kin san abin da zai sami yarinyar jami'ar can in aka ji? Da ni?"

"To rabin awa. Rabi a tsaye, rabi a ƙasa."

"Rabin awa a ƙasa, rabin lamba ke nan. Ki yi haƙuri."

Haka watannin da ta tanada don ƙananan suka tafi. Malamar ta zo, yarinya mai fara'a da wandon wasa, ta koyi rawar daga waya, ta ƙara mata juyi da tafi, karkarwar kafaɗa kuwa ta ɓace. Moliehi da sauran manyan aka sa su gaba suna nuna wa ƙananan yadda ake buga ƙafa. Mafusi ta yi Alhamis biyu, a ta uku ta ɗauki gangarta ta tafi gida ba ta yi wa kowa sallama ba, aka maye gurbinta da rediyo mai batir. Iyaye mata suka ji daɗi, don riguna sun daina dawowa da jar ƙasa, sabulu ya huta. Yara suka ji daɗi, don ba mai ƙujewar gwiwa. Kowa ya ji daɗi. Makarantun ƙetaren dutse suka fara aikowa a koya musu, suna kiran abin mokhibon Mapulane. Duk lokacin da ta ji sunan nan sai ta ji kamar an zage ta da uwarta, kuma ba ta da wanda za ta rama a kansa, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Shekara ta ƙare. Moliehi ta ci jarrabawa, ta gangara makarantar kwana a ƙasan duwatsu. Ranar tafiyarta ta biyo ta madafa da akwatinta.

"Nkhono, ni ban manta ba. Yana jikina."

"Na sani. Amma jikin naki tafiya zai yi."

Sauran manyan suka watse, wasu sakandare, wasu aikatau, ɗaya aure. Mapulane ta gwada da baki. Tana raba tuwo tana ce wa ƙananan, "Asalin abin a ƙasa ake yi, gwiwa ce ke bugawa." Su ce, "To, Nkhono," su karɓi kwanonsu su ruga. A gida ta sa Bokang ta durƙusa, ta yi ta kwatanta mata, yarinyar ta yi ta rarrafe kamar jaririya, ta gaji ta ce gwiwarta na ciwo. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa gani an yi da kyau tana da wayon kallo ba. Mapulane ta je wa Mafusi, Mafusi ta ce nata gwiwoyin sun riga na Mapulane mutuwa, ita mai ganga ce. Matan garin da suka iya, masu ƙarfin suna Maputsoe da ƙetaren iyaka, na gida kuwa duk masu sanda ne.

Da sanyi ya fara shigowa, bayan an karya masara, wata Alhamis malamar ta tafi taro, aka bar yaran da rediyo. Mapulane na zaune kan bokiti tana kallon su suna tsalle da waƙar kakarta. Ta kalla, ta kalla. Sai ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Ku tsaya. Ku buɗe ido, sau ɗaya zan yi."

Ta kwance bargon ƙugunta ta yar. Ta dafa sanda, ta fara sauka. Gwiwar dama ta ƙi, ta tilasta mata, aka ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Zafin ya hau har cikin haƙoranta, ta cije. Ta hagu ta bi. Ga Mapulane a ƙasa, karo na farko cikin shekaru. Ta saki sandar, ta miƙe gadon baya, ta ɗaga izga. Ba ganga, ba usur. Ta ja waƙar a maƙogwaro, kafaɗun suka amsa, suka kama karkarwar nan da ta sa matan Ha Mokoto kuka ranar cire takaba. Idonta a rufe, hawayen zafi na gangarowa, tana tattara ƙarfi ta ɗaga gwiwoyin ko sau ɗaya su gani.

"Nkhono ta faɗi!"

Wata ƙarama ce ta yi ihun. Nan take suka rufe ta. Wasu suka ruga ofis suna kiran Ntate Ramaili, wasu suka fashe da kuka, manyan cikinsu suka kama ta ta hammata suna ja.

"Ku sake ni! Ba faɗuwa na yi ba! Ku ja baya ku kalla!"

"Ku ɗaga ta, ku ɗaga ta! Dubi yadda jikinta ke ɓari!"

"Rawar ke nan, 'yan banza! Ita ce wannan!"

Ba wanda ya ji ta. Ta ƙara wa kafaɗun ƙarfi don su gane, su kuma suka ƙara tsorata. Bokang ta kutso cikinsu da bargon da kakarta ta yar, fuskarta duk hawaye da majina, ta lulluɓa mata shi a kafaɗu, ta rungume ta ƙam don ta tsayar da ɓarin.

"Yi shiru, Nkhono, sanyi ne. Yanzu zai bari."

Mapulane ta ji 'yan hannuwan nan sun matse mata kafaɗu ta cikin bargo. Ta ƙara motsa su sau ɗaya, a hankali, ko yarinyar za ta ji abin a jikinta. Bokang ta ƙara matsewa. Sai ta bari.